Yadda fim ya kore ni daga Kano, ya zaunar da ni kujerar alƙali a Legas

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin da yawan mutanen da ya shafa suna raye, wasu ma har gobe muna gaisawa. Saboda haka ba zan kama sunan kowa ba. Abin da ya tunzura ni shi ne saƙonnin da matasa ke turo min duk sanda suka ga hotona a wajen bikin fina-finai, da katin alƙalan gasa rataye a wuyana. Tambayar kusan iri ɗaya ce: "Yallaɓai, ta ina ake bi a kai nan?" Suna zaton wata makaranta na yi a ƙasar waje, ko wani ubangida ne ya ɗaga ni. Hanyar da na biyo ba zan so ɗan da na haifa ya bi ta ba, amma ga ta nan.

A Fagge aka haife ni, ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Mahaifina tela ne, irin waɗanda ke kwana a kan keke in sallah ta matso. Wanda ya tashi a Fagge a shekarun 1980 ya san silima ba ta yi wa kowa nisa ba: ga Wapa, ga Plaza. A lokacin ɗan mutunci ba ya zuwa, in ma ya je ba ya bari a sani. Ni na sha bulala a kanta. Abokaina faɗa da rawa ke kai su, ni kuwa in mun dawo abin da ke hana ni barci shi ne me ya sa aka fara nuna fuskar uwar kafin a nuna gawar ɗan.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai muka ga ashe mu ma za mu iya. Ina gama sakandare na fara bin masu fim lokeshan, ina ɗaukar musu waya da fitila. Aikin da na daɗe a kansa shi ne kwantiniti, wanda ba mai so, don ba a ganin fuskarka kuma kai ake fara zagi. Kana riƙe da littafi kana rubuta komai: da wane hannu jaruma ta ɗauki kofi, ɗaurin ɗankwalinta dama ya karkata ko hagu, shayin ya kai rabi ko ya kusa ƙarewa, domin ragowar fitowar wataƙila sai bayan mako biyu za a ɗauka, a wani gidan daban. A 1999 mujallar Fim ta fara fitowa. A cikinta na fara ganin ana iya zama a rubuta abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba a fim, da hujja, ba tare da zagi ko kirari ba.

Mahaifinmu ya rasu a 2004, bayan idonsa ya yi shekaru yana mutuwa a hankali. Ya ɓoye mana. Sai da muka lura yana kiran yaran shago su zura masa zare a allura, wai koya musu yake yi, sannan muka gane. Abin ya tsaya min a rai har na rubuta labari a kansa: tsohon tela da makanta ke cim masa, yana ɓoye wa iyalinsa don kada a ce ya tashi daga aiki. Da aka raba gado aka sayar da wani fili da ya bari, na zuba kasona kaf a fim ɗin. Bai isa ba. Ƙanwata, wadda ba ta daɗe da aure ba, ta kawo nata a ƙulle cikin leda ta ce, "Yaya, ka ƙara da wannan, in an sayar ka ba ni." Ban roƙe ta ba. Ajiye ledar ta yi a kan tabarma ta tashi da sauri, don kada in ce a'a.

Mun gama aiki a ƙarshen 2006. Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, furodusa shi ke buga kwalayen fim da kuɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar faifan, su kwafa su sayar. Abin da aka sayar shi za a biya ka, a tsittsinke, kwalin da ya yi kwantai kuma a dawo maka da abinka. Na kai wa wani babban ɗan kasuwa, ya sa a talabijin ɗin shagonsa, rimot a hannu. Bai yi minti uku yana kallo ba ya fara turawa gaba. Ya tura, ya tsaya, ya tura, har ƙarshe. Aikin da ya cinye filin mahaifina ya gama kallonsa kafin shayinsa ya huce.

"Ina waƙa?"

"Alhaji, wannan labarin ba ya son waƙa."

"Labarin ne ba ya so, ko kai? To masu saye suna so. Kuma wannan tsohon zan sa a fosta?"

A yau ban ga laifinsa ƙwarai ba, ya san kasuwarsa. Na ciyo bashi, muka koma muka ɗauki waƙoƙi biyu, muka cusa su inda ba su da gurbi. Muna shirin fita kasuwa sai rikicin 2007 ya taso, wanda duk ɗan fim ya san shi: aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, aka zo da sababbin ƙa'idoji, jama'a suka riƙa yi wa duk mai harkar kallon ɗan iska. Da fim ɗin ya samu fita daga baya, masu satar fasaha sun riga ni kai shi garuruwa.

Kwalayen suka dawo. Na jera su ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, har gara ta fara cin na ƙasa. Masu bin bashi suka gane cewa lokacin da ba ni da wurin ɓuya shi ne bayan sallar asuba, sai su tsaya a ƙofar masallaci. Na koma yin sallah a wata unguwa. Surukina ya aiko aka tafi da matata da 'yarmu, wai ta je ta huta kwana biyu. Kwana biyun bai ƙare ba sai da takarda. Mijin ƙanwata bai taɓa ce min komai ba, gaisuwarsa ce kawai ta gajarce.

Daren da zan bar gari na shiga wurin mahaifiyata. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma sakin jiki da ni. Na durƙusa na ce, "Inna, zan je Ikko in gwada." Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Sai ta juya wajen autarmu ta ce, "Ki ce masa ya riƙe sallah. Ki ɗauko masa bargon nan na cikin adaka." Sallamar ke nan. Sai da na kai zaure na tuna cewa tun da na buɗe baki hannunta bai sake taɓa shinkafar ba.

A saman motar tumatir na shigo Legas a 2008, na sauka a kasuwar Mile 12 ƙafafu a kumbure. Duk wanda ya zo cirani ya san yadda ake yi: ka nemi 'yan garinku, su nuna maka inda za ka sa haƙarƙarinka, su haɗa ka da wani. Da yake ina da rubutu da lissafi, wani dillali ya ɗauke ni malamin rumfarsa. Tun kafin asuba ina tsaye da littafi, ina rubuta kwando nawa aka sauke, na wane ne, nawa matan Yarbawa suka ɗauka bashi. Ba wanda ya san na taɓa riƙe kamara. In an tambaye ni sai in ce kasuwa ce ta karye min.

Shekarar farko na kwanta taifod, na tashi. Amma akwai wani ciwon da bai tashi ba. Ba na barci. Ba na son jin ƙarar waya, domin kiran gida ko dai maganar bashi ne, ko labarin 'yata ta fara tafiya, ta fara magana, ba na nan. In na hango fosta a bango sai in tsallaka titi. Yanzu ana kiransa ciwon damuwa, har ana ganin likita a kansa, kuma duk wanda ya ji irin haka ina ba shi shawara ya je. A lokacin cewa kawai ake yi ka cika tunani.

Wani dare, bayan na koma Agege da zama, na tsaya wajen mai shayi. Yana da 'yar talabijin da janareta, mahauta daga mayankar Oko-Oba da 'yan acaba sun cika benci. Kafin in zauna na ji muryar da na sani. Fim ɗina ne. An canza masa suna, an yanke farkonsa inda sunayenmu suke, hoton ya dusashe saboda yawan kwafa. Na so in juya, ƙafata ta ƙi. Aka zo inda tsohon ke laluben kafar allura da yatsa, yana jan yaron shago da hira don kada ya lura. Wurin ya yi tsit, har mai shayi ya dakata da kaɗa ƙwai. Can sai waƙa ta faɗo. Wani tela, irin masu yawo da keke a kafaɗa, ya ja tsaki ya ce, "Kai, sun ɓata abu. Wanda ya yi fim ɗin nan ya san ɗinki, ku dubi yadda tsohon ke lasar zare. Amma waƙar nan ba tasa ba ce, dole aka yi masa." Wani matashi ya ce ai waƙar ce ma fim ɗin. Gardama ta kaure har aka manta da kallon.

Ban ce musu uffan ba. Amma ranar ce wani ya fara kallon aikina har ya gane inda na yi da gaske da inda aka tanƙwara ni. A daren na yi barci.

A 2010 aka buɗe tashar Africa Magic Hausa, aka shiga neman masu sa fassarar Turanci a ƙasan fina-finan Hausa. Wani da muke sallah tare ya haɗa ni da wani Bayarabe mai tace hoto a Surulere. Da safe kasuwa, da yamma in hau motar danfo in tafi can. Aikin fassara yana tilasta maka bin fim layi-layi, ka tsayar, ka koma baya, ka auna daƙiƙa nawa rubutu zai zauna kafin ido ya karance shi. Wanda ya jima a wannan aikin, babu dabarar darakta ko ha'incinsa da zai ɓoye masa. Na fara rubuta abin da nake gani a Facebook.

Na sha zagi. Mafi ciwo shi ne na tsofaffin abokan aiki: "Wanda nasa fim ɗin ya kasa mayar da kuɗin kwali, shi zai koya mana?" Ba ni da amsa. Na dai riƙe ƙa'idata: ba na rubutu a kan fim sai na kalle shi har sunayen ƙarshe, kuma ba na taɓa rayuwar ɗan wasa, aikinsa kawai.

Rubutun ne ya kai ni bukukuwan fina-finai. Na farko da na shiga shi ne iREP, na fina-finan dokumentari, a Freedom Park da ke tsibirin Legas, wurin da a da kurkuku ne na Turawan mulkin mallaka. Na zauna can baya da 'yar jakata mai warin tumatir, ina jin mutane na musu a kan fim kamar yadda malamai ke musu a kan mas'ala. A irin wannan zaman na fara jin sunayen da ban taɓa ji a Kano ba, na je na bincika. Oumarou Ganda, haifaffen Yamai, dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Abidjan kafin ya shiga fim, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Har yau akwai kyauta da sunansa a bikin, wadda ake ba wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko. Ousmane Sembène na Senegal shi ma dako ya yi a tashar Marseille, amma a 1967 yana cikin alƙalan bikin Cannes a Faransa. Maƙwabtanmu ne, amma mu a Kano mun san auren jaruman Indiya da sakinsu, su ba mu san su ba. Na ji haushin wannan, na kuma ji sanyi a raina.

Da na jima ina shiga cikinsu, na lura ƙofa biyu manya ke bi su zama alƙalan gasa. Ko dai ka yi aikin da ya yi suna har a ga ya dace ka auna na wasu, kamar Femi Odugbemi, darakta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa iREP, wanda ya shugabanci alƙalan AMVCA, gasar fina-finai ta tashoshin Africa Magic. Ko ka shekara da shekaru kana sharhi a jarida har a yarda da idonka, kamar Shaibu Husseini da Steve Ayorinde, waɗanda suka daɗe a alƙalancin AMAA, gasar fina-finan Afirka da marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005. Masu sharhi ma suna da ƙungiyarsu ta duniya, FIPRESCI, mai tura nata alƙalan manyan bukukuwa su ba da tasu kyautar daban. Kuma alƙalamin kan kai mutum nesa: a Janairun 2024 aka naɗa Shaibu Husseini shugaban hukumar tace fina-finai ta ƙasa, a sanarwa ɗaya da naɗin Ali Nuhu a Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Akwai ƙofa ta uku, ƙarama, wadda ba a ɗaukar hoto a bakinta. Ita na bi. Kafin fim ya isa gaban alƙalai sai ya ratsa hannun masu tantancewa. Su ake tura wa tulin abin da aka shigar ta intanet, kowanne da lambar sirrinsa, da takardar maki: labari, ba da umarni, wasa, hoto, sauti, tacewa. Wani ƙaramin biki ya rasa mai jin Hausa a cikinsu, wani mai karanta rubutuna ya ba da sunana. Babu albashi, sai ɗan kuɗin data, wani lokacin ma godiya zalla. Kana kallo da dare a kwamfuta, a ɗauke wuta, ka shiga lissafin cajin da ya rage. A nan na gano abin da ba a faɗa a fili: wasu masu tantancewa farkon fim kawai suke kallo, in bai kama su ba su wuce. Na san dalili, aikin ya fi ƙarfin mutanen. Ni dai na kasa. Duk sanda yatsana ya nufi turawa gaba sai in tuna rimot ɗin Alhajin nan.

Bari in faɗi abin da na gani game da namu fina-finan, ko da zai ɓata wa wasu rai. Mun fi son mu ce ana ware mu ne saboda harshe, ko don mu 'yan Arewa ne. Ban ce babu raini ba, na gan shi da idona. Amma abin da ya fi kayar da mu tun a zagayen farko shi ne sauti. Za ka ga hoto garau, kaya masu tsada, gida na alfarma, amma magana ba ta fita, iska na busa makirufo. Bayansa sai fassarar da aka ba wani yaro ya yi a dare ɗaya, sai kiɗan da aka ɗebo daga fim ɗin wasu ba izini. Harshe kuwa ba shi ne cikas ba. A 2019 an cire Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura, daga gasar Oscar ne don Turanci ya yi masa yawa. Wanda Najeriya ta tura bayansa, The Milkmaid, da Hausa aka yi akasarinsa, haka ma Mai Martaba da aka tura a 2024. Gasar AMVCA, da aka fara a nan Legas a 2013, ta yi shekaru tana da rukunin fina-finan Hausa, har zuwa 2023. Abu ne mai kyau, tsorona dai kada mu saba da irinsa mu daina neman gogayya a manyan rukunan.

Daga tantancewa aka ɗaga ni zuwa cikin alƙalai. Ba zan faɗi biki ko shekara ba, kuma abin da zan faɗa ya riga ya fita ta bakin wasu. Rukunin gajerun fina-finai ne, mu biyar a wani ɗakin otal. An tambayi kowa ko yana da alaƙa da wani fim, in akwai ya fita in an zo kansa. Shugabarmu wata darakta ce 'yar Kudu, sai wani mai sharhi Bature, da wata mai shirya fim daga gabashin Afirka, da wani malamin jami'a. Cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe akwai na wani yaro ɗan Arewa da ban sani ba. Labarin saurayi ne da ya dawo gida bayan an daɗe da fitar da rai da shi. Ya yi sallama ya shigo, ƙannensa suka ruga suka rungume shi, uwar kuwa tana zaune tana tankaɗe. Ba ta tashi ba. Ta ce wa ƙaramar 'yarta, "Kawo masa ruwa."

Baturen ya ce matar ba ta iya wasa ba, ko kuma darakta bai san abin da yake so ba. Wace uwa ce ɗan da aka yi wa zaman makoki zai shigo ta ci gaba da aikin gari? Sauran suka gyaɗa kai. Gabana ya riƙa faɗuwa. Turancina ba na jayayya da Bature ba ne, amma na ɗaga hannu. Na yi musu bayanin kunyar ɗan fari, cewa akwai gidajen da uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban jama'a, kuma wanda ya tashi a irin gidan ba fuskarta zai duba ba. Na roƙi a mayar da fitowar, a kalli hannunta. Aka mayar. Tun daga sallamar yaron rariyar ta tsaya cak, ta karkace, gari na zuba a ƙasa gefen ƙwarya, ita ba ta ma sani ba. Daraktan ya bar kamara a kan wannan hannun ya jima. Da gangan ya yi. Matar gabashin Afirka ta ce a sake mayarwa. Ban ba su labarin Inna ba, wadda a lokacin ta riga ta rasu. Ban ga zan iya kai ƙarshensa a gaban baƙi ba.

Mai fitowa uwar ta ci kyautar wasa, ba wanda ya ja. Sai aka zo babbar kyauta. Biyu suka zaɓi fim ɗin yaron, biyu suka zaɓi na wata yarinya 'yar Legas, a kan masunta. Saura ni. Shugabar ta dube ni tana murmushi, kowa ya ɗauka an gama.

Na zaɓi na yarinyar. Na yaron yana da fitowa ɗaya da ta fi duk abin da muka kalla a makon, amma kusan rabinsa ba a jin magana saboda rurin janareta, ƙarshensa kuma a gurguje aka yi shi, da gani ka san kuɗi ne suka ƙare. Na yarinyar ba shi da fitowa irin wannan, amma a tsaye yake daga farko har ƙarshe, kuma takardar da ke gabana fim mafi kyau ta ce. Na fi kowa a ɗakin sanin ciwon da yaron zai ji, wataƙila shi ma filin wani ya sayar. Hannuna na rawa na rubuta.

Ban san ta inda maganar ta fita ba, amma kafin in isa Agege wayata ta fara ruri. Wani tsohon abokin aiki daga Kano ya ce, "Mutumina, Allah ya kai ka inda za ka share wa naka hawaye, ka tsaya nuna wa Yarbawa kai mai adalci ne?" Aka rubuta a Facebook cewa baƙin ciki ne, wanda ya faɗi ba ya son wani ya tashi. Har Alhajin da na yi wa malanta a Mile 12, wanda bai taɓa shiga silima ba, da labari ya kai masa cewa ya yi, "Malam, su fa in sun samu, nasu suke yi wa." Ba zan rantse hakan ba ya faruwa ba, na taɓa zama inda na ga abota na jan zaɓe. Na daɗe ina juya abin a raina, hawan jinin da na samu a Legas ya tashi. Ko yau aka sake ajiye min fina-finan biyu, na yarinyar zan ɗauka, kuma ko yau ba na jin daɗin tunawa.

Masu tambayata hanya, ga yadda rayuwar take. Alƙalancin gasa ba ya ciyar da gida. Za a ba ka masauki da abinci, mota ta ɗauko ka, a ɗauke ka hoto a kan jan kafet. Ranar Litinin ka koma layin motar BRT. Da fassara nake ci, da gyaran labari ga masu fina-finai masu dogon zango na YouTube. Daga nan na biya bashin Kano kaɗan-kaɗan. Na ƙanwata ne na ƙarshe, don ita kaɗai ce ba ta taɓa tambaya ba. Ranar da na tura mata cikon a 2021 ta kira ni tana faɗa, wai ita ta manta, wa ya ce in takura kaina. Kuɗin da ta ba ni a wancan lokacin fili yake saye. Wanda na mayar mata ko katangar filin ba zai yi ba. Mu duka mun sani, ba wanda ya tayar da maganar. 'Yata ta girma a gidan wani, muna waya, muna sabawa da juna a hankali. Ban sake yin fim ba. In an tambaye ni nakan ce sai Allah ya yi, amma a raina na san idona ya fi hannuna.

Yaron nan kuwa, bayan an kwana biyu, sai ga saƙonsa. Na yi zaton zagi ne. Ya ce, "Baba, an ce kai ka kayar da ni, an kuma ce kai ka sa aka mayar da fitowar rariya. Ina so in ji me ya rage." Na kira shi muka yi doguwar magana. Bai yarda da ni a kan ƙarshen fim ɗin ba, har yanzu yana ganin daidai ya yi, amma ya karɓi maganar sauti. Da ya tashi sabon aiki ya turo min labarin na duba, na haɗa shi da wani mai ɗaukar sauti a Surulere da ya yarda ya bi shi har Arewa a kan rabin kuɗinsa, fassarar kuma na yi masa da kaina.

Wannan ya sa ba ni da hurumin zama a kan fim ɗinsa. Ya shigar da shi gasar bana, sai na rubuta wa masu shirya bikin cewa ina da hannu a ciki, su cire ni daga rukunin gajerun fina-finai gaba ɗaya. Da na gaya masa ya yi shiru, can ya ce, "Wato Baba, da ba ka san ni ba ka kayar da ni, yanzu da ka san ni kuma ka gudu." Na ce haka ƙa'idar take. Sun mayar da ni rukunin dokumentari, inda kowane fim ya haura awa ɗaya da rabi, kuma Juma'a mai zuwa ce ranar ƙarshe ta miƙa maki.